Baƙuwar Gadon Sama

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa sa'ad da Mai Masauki ta sauke tukunyar tafasasshen ruwa daga kan wuta. Tun safe ranta a ɓace yake. Wata ɗaliba da ta kwana a ɗakin mata ta tashi da ƙuraje jere a wuya, ta tsaya tsakar gida tana nuna wa kowa, tana cewa kuɗin cizo sun kusa cinye ta da rai. Ga mai sayar da wurin kwana, babu zagin da ya kai wannan ciwo.

Gidan ba otal ba ne, ita ma ba ta taɓa kiransa otal ba. Gidansu ne na zama. Da 'ya'yanta maza suka girma suka watse, ciwon baya kuma ya sauke mijinta daga kan sitiyari, sai suka takura a ɗaki guda da 'yarsu Auta, suka jera gadajen ƙarfe masu hawa biyu a sauran ɗakunan. A nan mutum ba ɗaki yake kamawa ba, gado yake kamawa. A ba shi wankakken zanin gado da makullin loka inda zai kulle jakarsa. Banɗaki na kowa ne, kicin ma na kowa, duk mai 'yar shinkafarsa ya dafa, kuma akwai kanta guda da mai tafiya ke barin ragowar sukari ko mai don na baya. Masu neman aiki, ɗalibai masu zuwa jarrabawa, masu jinya da ba su da kowa a garin, duk wanda aljihunsa bai kai otal ba amma mutuncinsa ya fi ƙarfin kwana kan bencin tasha, nan yake ƙarewa. Su kwana cikin munsharin juna, su wayi gari kowa ya san damuwar kowa.

Mijin nata har yau Direba ake ce masa, ko da yake ya daɗe rabonsa da mota. Abin da bai rabu da shi ba shi ne murya. Kullum da magariba, lokacin da manyan motoci ke zubar da fasinja, sai ya tsaya bakin ƙofa ya buɗe maƙogwaro kamar mai lodi.

"Akwai gado! Duk mai neman wurin kwana ya shigo! Kowa da kowa, ba ma korar baƙo!"

Ta sha ce masa ya rage ihu, akwai allo a ƙofa. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce, wai allo bai iya yi wa mutum maraba ba. A yammacin nan ma yana can yana abin da ya saba, muryarsa na shigowa har ɗakin mata, inda Mai Masauki ta dire tukunya a gaban gadon ƙurya.

Yadda take yi da kuɗin cizo sananne ne: a fitar da gadaje rana da hantsi, a kwarara musu ruwan zafi a kowace gaɓa, a bar su su bushe. Ta yi wa sauran haka. Amma gadon ƙurya an liƙe shi da bango da walda tun da ya fara lilo, ba ya fita. Samansa kuma dab da silin yake, zafi kamar tanda, ba wanda ke yarda ya hau sai in gida ya cika maƙil. Ya kwana biyu ba kowa a kai. Da ta janyo katifar saman ta sauke ƙasa sai ta ji ta da nauyi, da ɗumi kuma, irin ɗumin wurin da wani ya tashi yanzu. Ta ce a ranta zafin kwano ne.

"Mama, ki bari sai da safe," in ji Auta, wadda ke riƙe mata tsani. "An kusa kiran salla."

"Da safe? Baƙi na hanya, so kike wata mai dogon baki ta sake tara mini jama'a? Miƙo tukunyar."

Mace ce da ko ruwan wanke-wanke ba ta watsarwa sai ta yi bisimilla. Amma ranar bakinta cike yake da ɗalibar nan, tana ta maimaita abin da ya kamata a ce ta faɗa mata. A haka ta karkata tukunyar, ta juye ruwan duka a kan ƙarafan gadon sama.

Wani abu ya yi ƙara. Siririyar ƙara ce, gajeriya, ta jaririn da aka tsunkula, sai ta yanke kamar an toshe baki. Tururin bai tashi sama ba. Ya tsaya wuri guda yana murɗawa, ɗakin ya cika da ƙaurin gashi.

"Mama, kyanwa ce?"

Suka duba sama da ƙasa, babu kyanwa. A waje Direba ya yi shiru, tsuntsayen da ke kan waya ma sun yi shiru, sai ɗigar ruwa daga ƙarfe zuwa siminti. Mai Masauki ta yi ta maza, ta ce wa yarinyar ta ɗauko tsumma.

Dutsen farko ya faɗo kan kwano suna sallame salla. Aka ce yaran unguwa ne. Direba ya fita da sanda yana zage-zage, ya tarar da titi fayau. Kafin ya juyo, jifa ta koma cikin gida. Duwatsu suka riƙa fitowa daga ɗakin mata, ɗakin da tagarsa ke rufe, suna keta tsakar gida da ƙugi. Ƙwan fitila ya tarwatse. Tukwanen kicin suka zubo. Ƙofofin loka, waɗanda kowanne makullinsa ke aljihun mai shi, suka shiga buɗewa suna bugawa da kansu. Wani makaniki da ya zo neman aiki ya leƙo don ya ga abin da ake ciki, dutse ya same shi a goshi, ya zauna daɓas jini na bin fuskarsa har cikin baki. Mai Masauki ta ɗauki dutsen, ta yar da shi da sauri. A jiƙe yake, kuma da zafi kamar daga tukunya aka tsamo shi.

Ana kiran isha komai ya tsaya cak.

Washegari rabin baƙi suka ɗaure kaya. Da rana gidan lafiya lau, har mutum ya fara jin kunyar tsoron da ya ji. Amma da inuwa ta miƙe, haske ya fara mutuwa a kan katanga, sai iska ta tsaya, shiru ya sauko mai nauyi, sannan jifa ta dawo. A yamma ta biyun aka fara jin murya a ɗakin mata, muryar mace tana rarrashin yaro a hankali, ba kalmar da ake ganewa. Ba a jima ba masu jinyar ma, waɗanda ba su da inda za su, suka ce gara bencin tasha. Gidan da ba ya rabo da ƙarar silifa da rigimar layin banɗaki ya koma su uku. Direba ya daina tsayawa bakin ƙofa.

Sai kuma wata magariba jifa ba ta zo ba. Mai Masauki har ta fara hamdala, ta waiga ba ta ga Auta ba. Muryar rarrashin nan tana tashi daga ɗakin mata, amma yau ta fi kusa da muryar mutum.

A kan ƙarafan gadon sama suka sami Auta, zaune, kanta a tanƙware saboda silin, ta naɗe zanin gado ta rungume a ƙirji tana jijjigawa. Idanunta a buɗe suke, ba baƙi a cikinsu.

"Auta, sauko," in ji Direba. "Sauko, 'yar Baba."

Ya taka tsani ya kama ƙafarta. Yarinyar da ko bokitin ruwa sai an kama mata, ta damƙi wuyan rigarsa da hannu ɗaya ta ɗaga shi, ta maka shi jikin loka har ƙarfen ya lotsa. Ya faɗi yana tofar da haƙori. Sannan ta juyo da fararen idanun nan kan uwarta, ta miƙa hannunta na hagu kamar mai nuna kwalliya. Mai Masauki tana kallo fatar hannun ta yi ja, ta kumbura, ta tashi ƙululu cike da ruwa, daga yatsu har gwiwar hannu, ba wuta ba ruwa a kusa. A lokacin ne Auta ta yi ihu da muryarta ta gaskiya.

"Mama! Zafi! Mama, ki cire ni!"

Wannan kiran ya fi jifa, ya fi jinin makanikin, ya fi komai. Da isha ta yi yarinyar ta zube a sume. Suka kai ta asibiti, aka wanke ƙunar aka naɗe, ma'aikaciyar jinya na yi wa Mai Masauki wani irin kallo tana tambayar wa ke ƙona yarinyar nan. Washegari da magariba ƙunar ta haye kafaɗa a ƙarƙashin bandejin. Wanshekare ta kama ƙirji. Auta ta daina ci, ta daina magana, kuma ko makaho ya ga inda abin ya dosa: wuya yake nema.

Direba ne ya tuna da Malam, wani dattijo da ke karantar da manya a bayan kasuwa, wanda ya sha ɗauka a mota zamanin yana tuƙi. Ya zo bayan la'asar, siriri, ba shi da yawan magana, ba jaka ba tarkace sai carbi da gorar ruwa. Ya sa aka faɗa masa komai daga farko. Da aka zo kan ruwan zafi ya runtse ido, da aka zo kan kiran bakin ƙofa ya dubi Direba har sai da Direba ya sunkuyar da kai. Bai yi musu faɗa ba. Ya juya ga Mai Masauki.

"Abu ɗaya nake roƙon ki, Hajiya. Da ni za ta yi magana. Duk abin da ta ce miki, kada ki amsa. Abin da suka ƙwata ana iya ƙwatowa da izinin Allah. Abin da mutum ya ba su da bakinsa, ba ni da hanyar karɓo shi."

Suka kwantar da Auta a kan tabarma a ɗakin mata, Direba ya danne kafaɗunta, uwar ta riƙe ƙafafu. Haske ya riƙa janyewa daga taga a hankali. Malam ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa, yana tofawa a ruwa yana yayyafa mata. An daɗe ba abin da ya motsa. Can sai gadajen ɗakin suka soma rawa, jikin yarinyar ya sandare, ya lanƙwashe baya har ƙashi na ƙara, bakinta ya buɗe, wata murya mai kauri ta tsohuwar mace ta fito.

"Ya isa, dattijo. Ina jin ka."

"Wace ce ke, kuma me ya kawo ki gidan mutane?"

"Baƙuwa ce ni. Kira na aka yi." Idanun suka juya kan Direba. "Wannan ne ya kira ni. Daga nesa muke tafe, ɗana ba lafiya, na goyo shi har bayana ya gaji. Na wuce ƙofofi da yawa, kowacce an rufe ta da sunan Allah, ban taɓa ko ɗaya ba. Na zo nan na ji ana cewa kowa da kowa, ba a korar baƙo. Na tsaya na sake saurare don kada in yi shisshigi. Ya sake faɗa. Sai na shigo."

Direba ya fashe da kuka kamar yaro.

"Ban ci abincin kowa ba," muryar ta ci gaba. "Ban tsorata kowa ba. Na zaɓi gadon da ba mai so, na kwantar da shi. Na fita nemo masa magani. Na dawo na tarar da fatarsa manne a jikin ƙarfe."

Mai Masauki ta so ta ce ba ta sani ba, ta so ta ce a yafe mata, ta tuna gargaɗin Malam ta cije leɓe har ta ji gishirin jini.

"An cuce ki," in ji Malam, "ba mai musun wannan. Amma ba ta gan shi ba, kuskure ne ba ganganci ba. Ita kuwa yarinyar nan ba ta zuba ruwa ba, hanawa ma ta yi. Abin da kike mata zalunci ne, kuma kin san akwai ranar hisabi a kanki kamar yadda take a kanmu. Ki fita, ki bar wa Allah."

"In na ƙi fa?"

"Zan ci gaba da karatu har ki ƙone."

Dariyar da ta fito daga bakin Auta ba ta da daɗin ji. "Ƙona ni mana. Ai sana'ar gidan nan ce."

Malam ya ɗaga murya. Daga nan ɗakin ya hautsine. Lokoki suka kife, gilashin taga ya fashe ya watsu a kansu, wani dutse ya tsaga wa Malam kunne, jini ya jiƙa masa wuyan riga, bai ko tsaya haɗiyar yawu ba. Auta ta fizge ƙafa ta shuri uwarta a ƙirji, ta wurgar da ubanta gefe, ta shiga buga goshinta a ƙafar gadon ƙarfe, bugu bayan bugu, har fatar ta dare. Suka sake danne ta da ƙyar. Muryar ta koma gurnani, gurnanin ya koma nishi. Ko Mai Masauki ta ji cewa abin ya fara galabaita.

"Zan fita," muryar ta ce a wahale. "Zan fita, dattijo. Amma ba zan fita hannu rabbana ba."

Kafin wani ya ankara, hannayen Auta biyu suka tashi suka shaƙe wuyanta. Direba ya kama yatsun yana ɓamɓarawa, kamar ƙarfe yake ja. Malam ya kama ɗaya hannun, karatu bai yanke a bakinsa ba. Fararen idanun suka nemo Mai Masauki, muryar ta fito ta tsakanin haƙora, a hankali, kamar mace na yi wa 'yar'uwarta magana.

"Ke, uwa. Ni da ke ne. Ko in tafi da numfashinta, ko in tafi da irin abin da kika raba ni da shi. Ba ni da mai kira na uwa. Ke ma ki rasa, sai in bar miki ita da rai. Ki ce kin ba ni."

"Kada ki amsa!" Malam ya daka tsawa. "Ƙarfinta ya ƙare! Saura ƙiris!"

Mai Masauki ta dubi Malam, ta dubi 'yarta. Fuskar Auta ta kumbura ta yi baƙi, harshenta ya leƙo, jijiyoyin goshinta sun miƙe. Dugaduganta, waɗanda ke hannun uwar, suna ta bugun siminti, sai bugun ya fara raguwa, ya fara nisa da juna. Wataƙila Malam gaskiya ya faɗa. Wataƙila ƙiris ɗin ne ya rage. Amma a tafin hannunta take jin ƙafafun nan suna saki, kuma babu malamin da zai gaya wa uwa ta zauna tana lissafi a irin wannan lokaci.

"Ɗauki!" ta yi kururuwa. "Na ba ki! Na ba ki, ki sake ta!"

Hannayen suka faɗi. Auta ta ja wani dogon numfashi mai ƙara, ta yi atishawa, jikinta ya saki. Wata iska mai sanyi ta bi ta tsakaninsu ta fita, suka ji ƙofar gida ta buɗe, aka kuma ja ta a hankali aka rufe. Daga nesa ladan ya fara kiran isha.

Malam ya daɗe zaune yana share jini daga kunnensa. "Allah kaɗai ya san ko da yarinyar ta kai ƙarshen karatun da ranta," ya ce daga baya.

"Ni ban iya jira in gani ba, Malam," in ji Mai Masauki.

Ya yi musu addu'a ya tafi.

Auta ta farka da hantsi. Ta ga ubanta ta ce, "Baba, me ya sami bakinka?" Ta nemi ruwa. Mai Masauki ta ruga ta kawo, ta durƙusa ta tallafo mata kai. Yarinyar ta karɓi kofin da hannu biyu cikin ladabi, ta sha, ta ɗago ta dube ta.

"Na gode, Hajiya. Allah ya saka."

Sun gaya mata wannan ce uwarta. Direba ya rantse mata, yayyenta suka zo suka nuna mata hotuna, ta saurara, ta yi kuka don ta ga suna kuka, ta ce to ta ji. Gari na wayewa abin ya goge tas. Ta san kowa, ta san inda kowane makulli yake, ta san maƙwabta da sunan kowa, amma ba ta taɓa tambayar ina uwarta ba, kamar yadda mutum ba ya tambayar abin da bai taɓa mallaka ba. Malam ya dawo ya yi iya yinsa, sannan ya daina zuwa. A ƙarshe Mai Masauki da kanta ta hana a ƙara gaya mata, don ta gaji da ganin ana sa yarinyar kuka a banza.

Ƙunar ta warke, ta bar tabo. Baƙi suka dawo kaɗan-kaɗan, layin banɗaki ya dawo da rigimarsa. Auta ta yi ƙiba, dariyarta ta dawo, ita ke raba zanin gado yanzu. Wata safiya ta shigo kicin ta tarar da Mai Masauki na wanke kofunan da baƙi suka bari, ta tsaya tana kallon ta da tausayi.

"Hajiya, ki bar shi, ba aikin baƙo ba ne. Kin daɗe a wurinmu fa. Kowa ya zo ya tafi, ke kina nan. Ba ki da kowa a gida ne?"

"Ina da 'ya."

"Allah sarki. To ai tana can tana kewar ki. Lafiyarta ƙalau dai ko?"

Mai Masauki ta dubi tabon da ke gindin wuyan yarinyar, da jijiyar da ke bugawa a hankali a ƙarƙashinsa.

"Ƙalau take," ta ce. "Miƙo mini wancan kofin."